Bayan Ɗakin Gobe-da-Nisa

Ranar Lahadi ta uku bayan an sallame shi daga asibiti, aka kawo telan nan na Dembé sujada domin ya ba da shaida. Matarsa ta dafa shinkafa tun asuba, 'yan zumuntar mata sun ɗaura ankonsu, aka kuma ajiye masa kujera mai hannu a gaba, gama ƙafafunsa ba su gama yin ƙwari ba. Da aka gama karɓar baiko, mai bishara ya kira shi. Ya miƙe da sanda, mata suka rangaɗa guɗa, ya buɗe baki zai yi magana. Daidai wannan lokaci wuta ta ɗauke, yaron da ke lura da janareta ya ja igiya, injin ya tashi a bayan taga. Sai aka ga tela ya kama maƙogwaronsa da hannu biyu, gumi ya keto masa, ya juya ya fita ta ƙofar gefe. Sandar ma a nan ya bar ta. Waɗansu suka ce murna ce ta yi masa yawa. Waɗansu kuwa suka dubi juna, ba su ce kome ba.

Mutumin nan ba baƙo ba ne a unguwar. Mahaifinsa ya zo daga ƙasar Katsina tun birnin yana amsa sunan Fort-Lamy, kafin a sake masa suna N'Djamena a 1973, ya kafa keken ɗinkinsa a gindin wata bishiya. Hausawa sun daɗe a birnin, da yawa kakanninsu sun yada zango ne a kan hanyar Makka ta ƙasa, zango ya zama gida. Masu bi a cikinsu kaɗan ne, kowa ya san kowa har da abin da aka dafa a gidansa. Tela ya gāji sana'ar tsohonsa, yana da shago a bakin kasuwar Dembé, ba nisa da inda motocin Moundou da Sarh ke lodi. Keke biyu gare shi da yaro ɗaya mai koyo. Shekara fiye da 20 ya yi yana ɗinki cikin hayaniyar kasuwar nan, da ƙahon motoci, da ihun 'yan kamasho, ba a taɓa jin ƙara ta dame shi ba.

A watan Fabrairu na 2023, da yamma, ya hau babur ɗin haya, irin wanda mutanen birnin ke kira kilando, zai kai wa wata amarya ɗinkinta. Wata mota mai ɗauke da itace ta kwashe su a mararraba. Mai babur ya tashi da ƙujewa kawai. Tela kuwa haƙarƙarinsa 5 suka karye, ɗaya ya huda huhu, jini ya taru a ƙirji. Aka kai shi wani babban asibiti, aka shigar da shi ɗakin da ma'aikata ke kira reya, gajarcen sunansa na Faransanci, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna ɗakin gobe-da-nisa. Kwana 16 ya yi a ciki. A 9 daga cikinsu inji ne ke yi masa numfashi ta wata roba da aka zura masa a maƙogwaro.

Ya fito da rai, ƙashi ya ɗinke, tabon ƙirji ya bushe. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce, "Jiki ya yi kyau, sai godiya." Shi kuma ya amsa, "Da godiya." Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matarsa ce ta san ba ya barci. Ita ta san ba ya yarda a kashe fitila ko a rufe ƙofa, cikin dare kuma yakan zabura yana fizge abin da ba kowa ke gani ba daga bakinsa. Ranar da ta wanke tsakar gida da ruwan jabel, ya yi amai har sau biyu. Da yaron shago ya kawo keken gida domin maigida ya riƙa taɓa 'yan ƙananan ɗinki, ƙafa ɗaya ya taka, ya ji sautin nan mai hawa da sauka, ya ce a rufe shi da zane a fitar masa da shi daga ɗaki.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar ƙanensa. Ƙanen nan shi ne ya kwana a barandar asibiti dukan kwanakin nan. Ranar da aka dawo da tela gida, ya shigo da fara'a ya durƙusa ya ce, "Yaya, barka da arziki." Tela ya juya fuska ga bango. Kashegari ya gaya wa matarsa kada ta ƙara barin yaron nan ya taka masa gida. Da ta matsa masa da tambaya, ya ba ta labari filla-filla, ba gargada. Ya ce wani dare ƙanensa ya shigo ɗakin da mutane biyu masu dogayen riguna. Sun ɗaure masa hannuwa a ƙarfen gado. Sun yi cinikin shagonsa a kansa, yana ji, har aka ƙirga kuɗin a bisa ƙirjinsa. Sa'an nan ƙanen ya ce wa wata mai farar riga ta zare robar kowa ya huta. Ya ce, "Uwar yara, ba labari aka ba ni ba. Da idona na gani."

Me za a ce wa mutumin da ya gani da idonsa? Dattawan ikkilisiya sun zo sau biyu, sun yi masa nasiha a kan gafara. Ya saurare su da ladabi, ya ce ya gafarta, amma ba zai zauna inuwa ɗaya da wanda ya nemi ransa ba. Wata maƙwabciya ta ce iska ce ya kwaso a asibiti, inda mutane ke mutuwa kullum. Aka kawo waɗansu samari suka yi masa addu'ar dare a tsakar gida, da lasifika da ganga, suka kewaye shi, suka riƙe masa hannuwa. Niyyarsu kyakkyawa ce, ba mai musun wannan. Amma a riƙe hannun mutumin da ke mafarkin an ɗaure shi, a cika masa kunne da ƙarar inji, wannan ƙara wa wuta itace ne. Bayan daren nan ya yi mako guda bai leƙa ko zaure ba.

Abin da ya sami telan nan yana da suna, ba kuma shi ne farau ba. Ɗakin gobe-da-nisa kansa sabon abu ne a duniya. A 1952 cutar shan inna ta auka wa birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak, mutane suka riƙa mutuwa domin sun kasa numfashi. Wani likita mai suna Bjørn Ibsen ya ba da shawara a huda maƙogwaro a tura iska, aka tara ɗaliban likitanci ɗaruruwa suna matsa jakar roba da hannu dare da rana. A shekara mai biye aka buɗe ɗaki na musamman domin irin wannan jinya. Shekaru da yawa bayan haka, abu ɗaya ake ƙirgawa: mutum nawa suka fita da rai. Sai a 2010, a wani taron masu wannan aiki a Amurka, aka amince da suna ɗaya ga wahalar da ke bin waɗanda suka fita, wato ciwon bayan jinya mai tsanani. Kashi uku ne: raunin jiki, da raunin tunani kamar mantuwa da kasa tara hankali, da ciwon zuciya irin na fargaba da baƙin ciki. Da aka tattara bincike na ƙasashe dabam dabam, an iske wajen mutum 1 cikin 5 na fama da firgita irin ta wanda ya tsira daga yaƙi, wajen 1 cikin 3 kuma na fama da damuwa ko zullumi watanni bayan sallama.

Dalilin ba boyayye ba ne. Wanda inji ke yi wa numfashi dole a ba shi maganin barci da na kashe zafi masu ƙarfi. Ga zazzaɓi, ga ƙarancin iska a jini, ga fitila da ba ta mutuwa, ga na'urori suna kuka, ba ya sanin dare balle rana. Ƙwaƙwalwa sai ta ruɗe, abin da Bahaushe ke cewa sambatu ko gigita, kuma fiye da rabin waɗanda aka sa wa injin numfashi sukan shiga wannan hali. Mutum ba barci yake sosai ba, ba kuma a farke yake ba. Yana tsintar guntayen abin da ke faruwa da gaske, murya nan, inuwa can, zafi a wuyan hannu, sai ƙwaƙwalwa ta harhaɗa su ta ɗinka riga. Abin mamaki, in ya warke yakan manta kwanakin gaskiya sarai, amma rigar nan ta mafarki tana nan daram, da launinta da warinta. Ɗaurin hannu kuwa gaskiya ne. A asibitoci da yawa akan ɗaure hannun mai gigita da ƙyalle domin kada ya fizge robar da ransa ke rataye a kanta. Sai dai ba kasafai ake samun wanda zai zauna daga baya ya bayyana masa wannan ba.

A ikkilisiyar akwai wata tsohuwar nas da ta yi ritaya, wadda ta yi shekaru tana aiki a irin wannan ɗaki. Tana wurin ranar shaidar nan, ta kuma ga inda hannun tela ya tafi sa'ad da janareta ya tashi. A Walia take zaune, a hayin kogin Chari, gwiwoyinta kuma ba sa son hawa babur. Sau ɗaya ta daure ta zo, ya ƙi fitowa, ya aiko a ce yana barci. Ta karɓi lambarsa a hannun matar ta koma. Da dare, wajen ƙarfe 8, ta buga.

Ba ta ce masa yaya jiki ba, gama ta san amsar da ake ba wannan tambaya. Ta ce, "Ɗana, Mama ce ta Walia. Yaya barci?" Ya yi shiru. Ta ce, "Ƙarar inji ce ko wari ne ya fi damunka?" Ya sake yin shiru, har ta duba ko layin ya yanke. Can sai ya ce, "Mama, wa ya gaya miki?" Ta ce ba wanda ya gaya mata, ta dai ga irinsa da yawa, soja da ɗan kasuwa da mace mai jego, kuma ba ko ɗaya cikinsu da ya haukace. Wannan kalma, in ji matarsa, ita ce ta fara kwance masa wuya. Ashe tun da ya dawo abin da ke cinsa ke nan: yana tsammani hauka ce ke tafe, yana ƙirga ranar da za a sa masa mari.

An ce zumunta a ƙafa take, haka ne kuwa. Amma akwai maganar da namiji mai iyali ba zai iya faɗa ba in ana kallon fuskarsa. Waya ta ba shi duhu da ya ɓuya a ciki. Yakan fita bayan ɗaki, ya zauna a kan turmi, ya yi mata filashin, ita kuma ta kira. 'Yan zumuntar mata ne suka riƙa haɗa kuɗin kati ba tare da sun tambayi abin da ake faɗa ba, wanda kuwa ya san zumuntar mata ya san wannan ba ƙaramar sadaukarwa ba ce.

Abin da tsohuwar ta yi da shi ba wani abin al'ajabi ba ne. Ta koya masa numfashi a hankali daga ciki, ya ƙirga uku yana ja, ya ƙirga uku yana saki, safe da yamma, tun kafin firgitar ta zo, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ta ce in abin ya taso, ya taka ƙasa da tafin ƙafa, ya faɗa wa kansa sunan ranar da sunan unguwar, ya ambaci abu biyar da idonsa ke gani. Kowane mako takan ba shi aiki ɗaya ƙarami. Makon farko, ya zauna a zaure minti 10. Na biyu, ya sa zare a allura ya ɗinke maɓalli da hannu. Na uku, ya taka har wurin mai shayi na bakin layi. Ranar da ya kasa, ba ta yi faɗa ba, sai ta rage aikin. Ta kuma gaya wa matarsa a ɓoye, ba kwana-kwana, cewa in ta ji yana maganar gara mutuwa, ko ya ƙi abinci kwana biyu, ko numfashi ya sake yi masa wuya, wannan ya wuce waya, a kai shi asibiti a ranar.

Ko tsohuwar ta sani ko ba ta sani ba, hanyarta ta yi kama da wani tsari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 domin wuraren da likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa: zama 5, mako-mako, da mai taimako wanda ba likita ba, ana koyar da numfashi, da warware matsala ɗaya bayan ɗaya, da komawa aiki da sannu, da neman jama'a. An gwada shi a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya, ya yi amfani. A Harare ta Zimbabwe kuma likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, bincike na 2016 ya nuna aikinsu ya rage ciwon ƙwarai. Ƙasar Chadi kuwa likitocin ƙwaƙwalwarta kaɗan ne ainun, wanda zai jira layinsa ya zo zai daɗe yana jira.

A ƙasashen da ke da hali an kai maganar har cikin wayar kanta. A Jami'ar Duke ta Amurka, likita Christopher Cox da abokan aikinsa sun shirya wata manhaja mai suna Lift domin waɗanda suka fito daga ɗakin gobe-da-nisa. Tana koya wa mutum ya zauna 'yan mintoci ya natsu, ya lura da numfashinsa da tunanin da ke ratsa shi ba tare da ya bi shi da gudu ba. Ba sujada ba ce, motsa hankali ne kamar yadda ake motsa ƙafar da ta sandare. An fara gwada ta da mutum 80 a rahoton 2019, aka sake da mutum 247 a rahoton 2024. Waɗanda suka yi sau biyu a rana damuwarsu ta fi raguwa bisa ga masu yi sau ɗaya, ƙarin kiran ƙwararre kuma bai canza sakamakon ba. A lura dai, dukansu suna da manhajar, yadda za a yi amfani da ita aka gwada. Abu ne mai kyau, amma da Turanci take, tana bukatar babbar waya da intanet da caji. A Dembé da Larabcin kasuwa ake ciniki, da Faransanci ake rubuta takardar magani, da Hausa tela ke mafarki. Mutanen birnin ba su manta ba kuma, daga Maris na 2018 zuwa Yuli na 2019 an toshe WhatsApp da Facebook a ƙasar. Abin da ya rataya ga intanet kaɗai, igiyarsa siririya ce. Kiran murya na Airtel ko Moov kuwa yana shiga har ƙaramar waya mai tocila.

Barci ya fara dawowa gutsure-gutsure, amma maganar ƙane tana nan inda take. Tsohuwar ba ta taɓa ce masa ƙarya yake yi ba. Ta ce, "Ɗana, na yarda ka gani. Abin da ya rage shi ne a san me ka gani." Ta san wata al'ada ta ma'aikatan jinya a ƙasashen arewacin Turai, wadda ta soma tun shekarun 1980: akan ajiye ɗan littafi a gefen gadon wanda ba ya cikin hayyacinsa, nas da dangi su riƙa rubuta abin da ya faru kowace rana da kalmomi masu sauƙi, in ya warke a ba shi ya cike gurbin kwanakin da suka ɓace masa. Wani bincike na 2010 a ƙasashe 6 na Turai, da mutum 352, ya iske firgitar ta kama 5 cikin 100 na waɗanda aka ba littafin, amma 13 cikin 100 na waɗanda ba a ba su ba. Wani babban bincike a Faransa a 2019 bai ga irin wannan bambanci ba, saboda haka ba za a ce magani ne na kowa da kowa ba. Ga mutumin da mafarki ya raba shi da ɗan'uwansa dai, ya isa a gwada. Sai dai ba wanda ya rubuta wa tela kome. Wa ke tunanin littafi a barandar asibiti?

Matar ce ta tuna. Suna da yaya mace da ke aure a Maiduguri, wadda ba ta sami zuwa ba. Kowane dare ƙanen yakan aika mata da saƙon murya ta WhatsApp ya gaya mata yadda aka wuni. Shi ya riga ya goge nasa, wayar ma ya sake ta. Amma yayar irin mutanen nan ce da ba sa yar da kome. Saƙo 16 tana da su cif, kowane da ranarsa da sa'arsa. Ta turo su wayar yaron shago.

Tsohuwar ta hana a kunna masa su gaba ɗaya. Ɗaya a rana, da hasken rana, matarsa tana kusa, da dare kuma a yi maganarsa a waya. Saƙon farko kuka ne ya fi yawa. A na uku aka ji ƙanen yana cewa, "Yaya, yau sun ɗaure masa hannu, domin ya so ya cire robar. Na roƙi nas ta sassauta, ta ce in an sassauta zai kashe kansa bai sani ba. Na kasa kallo." A na huɗu ya ce kuɗin magani ya ƙare, ya sayar da babur ɗinsa, mai saye ya biyo shi har asibiti, a ƙofar ɗakin suka ƙirga kuɗin domin an ce a kawo maganin kafin magariba. A na shida ya ce dattawa biyu sun zo, an ba su rigunan asibiti dogaye, an bar su minti 5 suka yi addu'a a kansa. A na tara murya ta canza. Ya ce likita ya ce huhu ya yi ƙarfi, yau za a zare robar, kowa ya huta.

Tela ya ce a sake kunna wannan. Aka sake. Ya ce a sake. Kalmomin nan su ne, ba ragi ba ƙari, har da yadda muryar ta hau a ƙarshe. Ga mutane biyu masu dogayen riguna, ga kuɗi, ga ɗauri, ga zare roba. Kowane ƙyalle na gaske ne, ɗinkin ne ya zo a karkace. An ce gani ya kori ji, amma ranar nan a wani ɗaki a Dembé ji ne ya tsaya wa gani a gaba. Kada mai karatu ya ɗauka nan take mafarkin ya gushe. Daren nan ya gaya wa tsohuwar cewa yanzu abu biyu ke cikin kansa, kuma wanda ya gani da ido har yanzu ya fi haske. Ta ce haka ne, zai daɗe yana da haske, ba sai ya dushe ba kafin mutum ya zaɓi wanda zai taka a kansa.

Akwai kuma abin da saƙonnin suka tono wanda ba a nema ba. Tun da yaron shago ya gaya masa keke ɗaya ya rage, tela ya riƙe wannan a matsayin shaidar cin amanar ƙanensa. A saƙo na 12 aka ji ƙanen yana cewa kuɗin babur ya ƙare, matar Yaya ta kai keke ɗaya jingina, shi kuwa ya hana ta amma ba ta ji ba. Matar tana zaune a wurin sa'ad da aka kunna. Wata 3 ta yi tana jin ana ɗora wa yaron laifin keken, tsoro ya hana ta buɗe baki, gama ta ga yadda maigidan ke juya wa mutum baya. Ta durƙusa ta ce, "Maigida, ni ce." Ba a yi hayaniya ba. Kwana biyu dai ba su yi wata doguwar magana ba, a rana ta uku ya tambaye ta nawa ne kuɗin fansa.

Zuwa wurin ƙanen ya fi wuya. Yaron da dā yake da babur nasa na kansa, yanzu dako yake yi a tashar motocin kudu, yana ɗora buhuna a bisa mota cikin zafin Mayu. An kuma yi wata 3 ana nuna shi da baki a unguwa, har a ƙofar majami'a. Irin wannan ba ya wankuwa da kalma ɗaya. Tela ya ɗauki waya sau da yawa ya ajiye. A ƙarshe ya yi abin da ya ga ya yi masa aiki, ya karɓi wayar yaron shago ya yi saƙon murya. Bai yi tsawo ba. Ya ce ya ji dukan 16, ya ce shi ne ya yi kuskure, ya ce, "Ƙanena, ka yafe mini." Alamar ta nuna an saurara. Amsa ba ta zo ba ranar, ba ta zo kashegari ba.

Ya koma shago a farkon damina. Da keken hannu ya fara, wanda sautinsa bai kai na ƙafa ba, rabin yini kawai. Har yanzu in maƙwabcinsa mai aski zai ta da janareta, yakan leƙo ya ce, "Malam Tela, zan ja," shi kuma ya ajiye almakashi, ya taka ƙasa, ya ƙirga uku. Kiran Walia ya koma sau ɗaya a mako, ran Alhamis. An fanshi keken jingina a watan Agusta. Ya shiga adashen teloli, ya gaya wa uwar adashe tun farko cewa in kwasarsa ta zo ba hannunsa za a ba ba, kuɗin babur ne.

Ƙanen ya zo gida sau ɗaya, ranar da yayarsu ta Maiduguri ta iso. Ya gaisa, ya ci tuwo, ya tashi kafin a kawo shayi. Shagon kuwa bai taka ba. Ana saura mako 3 Kirsimeti tela ya yanki shadda yadi 5, ruwan toka, ya ajiye a ƙarƙashin tebur. Ya san awon yaron da kā tun yana ɗan makaranta, amma dako ya canza masa kafaɗa. Ya buga masa waya ya ce, "Ka biyo ta shago in gwada ka." Ƙanen ya ce, "To, Yaya, in na sami sarari." Ran Talata da azahar, bayan motar Moundou ta tashi, aka ga ya tsaya a bakin ƙofa yana karkaɗe ƙurar buhu daga rigarsa. Tela ya sauko da tef daga wuyansa ya ce masa ya ɗaga hannu.